Daga Tsoron Takarda Zuwa Waƙa: Nazarin Ajin Ƙirƙirar Rubutu a Wata Firamare ta Birnin Niyok

Makarantar da unguwarta

Makarantar da wannan nazari ya shafa firamare ce ta gwamnati a kudu maso gabashin tsibirin Manhattan, a unguwar da mutanen birnin Niyok ke kira Lower East Side. Unguwa ce ta baƙi tun da daɗewa. Jamusawa da Italiyawa da Yahudawan gabashin Turai duk sun yada zango a tsofaffin benayenta na haya, kowace ƙungiya ta zauna har ta samu sukuni sannan ta yi gaba, wata ta maye gurbinta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai mutanen tsibirin Puerto Rico suka yi ta kwararowa, kasancewar tun 1917 doka ta mai da su 'yan ƙasar Amurka. Saboda haka a ƙarshen shekarun 1960 yawancin 'yan makarantar 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne, kuma da yawa daga cikinsu Sifaniyanci suke yi a gida, Ingilishi kuwa sai an shiga aji. Har ma akwai aji na musamman da aka ware wa yaran da Ingilishi bai zauna a bakinsu ba. A watan Janairun 1968 ne Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar tarayya ta farko game da koyarwa da harsuna biyu, abin da ke nuna cewa a lokacin batun harshen gida da harshen makaranta yana kan ganiyarsa a ƙasar.

Matsalar kafin 1968

Matsalar ba ta wannan makaranta kaɗai ba ce, amma a nan ne aka sa mata ido. Idan aka ba yaro ɗan shekara takwas takarda da kaloli aka ce ya yi zane, sai ya duƙufa yana zuba launi yadda ransa ya so, ba ya tambayar kowa ko daidai ne. Idan aka tsaya aka saurari hirarsa da abokansa a filin wasa, za a ji maganganu masu ban mamaki waɗanda babba ba zai taɓa haɗa su ba. Amma da zarar an ce wa yaron nan ya rubuta waƙa, sai ya takure, ya yi ta tauna fensir, daga ƙarshe ya kawo ɗangwaye, wato layukan waƙa, huɗu masu sanyi, ko dai kwaikwayon waƙar manya ko kuma irin maganar da ya san tana faranta wa malama rai.

Mutumin da ya ɗauki nauyin gwada maganin wannan matsala shi ne Kenneth Koch, marubucin waƙa wanda aka haifa a 1925 a birnin Cincinnati, malami a Jami'ar Columbia. Ya daɗe yana koyar da manya rubutun waƙa, sai dai manya sukan zo ajinsa ne da karatu mai yawa da kuma burin zama marubuta, yaron firamare kuwa babu ruwansa da wannan buri. Abin da ya ja hankalin Koch ga yara shi ne yadda ya ga wata malama tana koyar da ƙanana zane a gidan tarihi na Metropolitan, sai ya tambayi kansa dalilin da ya sa koyar da zane ya samu wannan 'yanci shekaru da dama da suka wuce, koyar da rubutu kuwa yana nan jiya i yau.

Bazarar 1968: tsarin aiki da gwajin farko

Koch ya fara zuwa makarantar a bazarar 1968, da farko da tallafin ƙungiyar Academy of American Poets, daga baya kuma da na Teachers and Writers Collaborative, ƙungiyar da aka kafa a 1967 domin tura marubuta cikin makarantun birnin. Matsayinsa kamar na malamin zane ne, wato baƙon malami da ke karɓar aji a wasu lokuta. Yakan je sau biyu ko uku a mako da rana, ya koyar da azuzuwa uku, kowanne minti 40. Akwai sharaɗi ɗaya da ya bambanta shi da sauran baƙin malamai: ya roƙi malamar aji ta zauna tare da shi har a tashi, domin yana buƙatar taimakonta, kuma yana so ita ma ta koyi hanyar.

Abu biyu ne suka ƙi ci a wannan mataki. Na farko shi ne karanta wa yara waƙoƙin manyan marubuta domin su zama abin koyi. Yaran sukan saurara, wani lokaci har su ji daɗi, amma tazarar da ke tsakanin abin da suka ji da abin da hannunsu zai iya rubutawa ta yi yawa, sai karatun ya ƙare a kunne bai sauko kan takarda ba. Waƙoƙin da manya ke rubutawa musamman domin yara, masu lallashi da zaƙin baki, su ma ba su taimaka ba, domin suna ƙara tabbatar wa yaro cewa waƙa magana ce mai ladabi a kan furanni da 'yan tsuntsaye.

Na biyu shi ne amsa-amo. Yaran sun taso da fahimtar cewa waƙa ba ta zama waƙa sai ƙarshen ɗango ya yi daidai da ƙarshen ɗan'uwansa. A Ingilishi wannan aiki ne mai wuya, domin kalmomin da sautin ƙarshensu ya zo ɗaya ba su da yawa. Yaro yakan fara ɗango da abin da ke ransa da gaske, sai ya tsaya cik yana laluben kalmar da za ta amsa, in ya samu kuma sai ya karkatar da maganarsa ta bi kalmar, abin da ya so faɗi tun farko ya ɓace. Bayan wannan akwai tsoron kuskuren haruffa da alamomin rubutu da tsabtar takarda, wanda ya fi addabar yaran da Ingilishi ba harshen uwa ba ne a gare su.

Waƙar da aji ya rubuta tare

Canjin ya zo ne ranar da Koch ya ce aji duka zai rubuta waƙa ɗaya, kowane yaro ɗango ɗaya tak, kuma kada kowa ya sa sunansa a takardarsa. Sannan suka zauna tare suka tsara dokoki kamar na wasa. Shi ya kawo shawarar farko, cewa kowane ɗango ya ƙunshi launi, yaran suka ƙara nasu, har aka tsaya a kan abu huɗu: launi, da wani jarumi daga zanen barkwanci na jaridu, da sunan gari ko ƙasa, kuma ɗangon ya fara da kalmomin fata, wato abin da Bahaushe zai ce «ina ma». Da a Hausa ne aka yi wasan, irin ɗangon da zai fito shi ne kamar a ce, «Ina ma ni ne Gizo da jar hula a kasuwar Agadas.» Wannan misalin nawa ne, ba na yaran ba.

Ya tattara takardun, ya gauraya su, ya tsaya gaban aji ya karanta su a jere a matsayin waƙa guda. Yaran suka kaure da dariya da surutu, wani yana ɓoye fuska don ya ji ɗangonsa, wani yana tsalle a kan kujera, wasu suna ɗaga hannu. Waƙar ba wata babba ba ce, shi ma bai ce babba ce ba, amma yaran da suka shigo suna ɗari-ɗari sun fita suna ganin kansu a matsayin waɗanda suka rubuta waƙa.

Bayan 'yan kwanaki sai ya cire sauran dokokin ya bar ɗaya: kowane yaro ya rubuta waƙarsa shi kaɗai, kowane ɗango ya fara da fata, babu amsa-amo. Ya ba su izinin yin fatan da hankali ba zai ɗauka ba, da wanda bai dace a faɗa gaban manya ba, kamar fatan a rufe makaranta ko ƙanin mutum ya ɓace. Maimaita kalmomin farko ya yi aikin da amsa-amo ke yi, wato ya ba waƙar ƙashin baya da kari, ba tare da ya tare wa yaro hanya ba. Duk lokacin da ya kai ƙarshen ɗango, ya riga ya san da me zai fara na gaba.

Daga nan kuma aka samu maganin matsalar abin koyi, kusan ba da shiri ba. Ya ɗauki waƙoƙin 'yan aji huɗu ya karanta wa ƙannensu, sai ya ga sun yi tasirin da waƙoƙin manyan marubuta suka kasa yi. Yaro ya ji abin da wani yaro da yake gani kullum a makaranta ya rubuta, da kalmomin da shi ma ya sani, nan take ya ji cewa zai iya, har ma ya fi. Tun daga lokacin, yawancin darussa sukan fara ne da karanta abin da wani aji na makarantar ya rubuta. Ga 'yan aji ɗaya da biyu, waɗanda hannunsu bai nuna a rubutu ba, sai aka koma ga baki: yaro ya faɗi ɗangonsa, babba ya rubuta.

Daga kakar 1968 zuwa hunturun 1969

Tsakanin Satumba da Nuwamban 1968 malaman makarantun gwamnati na birnin Niyok sun yi yajin aiki kashi-kashi a kan rikicin ikon al'umma kan makarantu a yankin Ocean Hill-Brownsville, yawancin makarantu suka kasance a rufe makonni da dama. A hunturun da ya biyo baya ne Koch ya ci gaba da aikin, a ƙarshe ma ya ƙara yawan zuwansa. A wannan zango ne batutuwan suka yawaita: waƙar da kowane ɗangonta ke ɗauke da kamance, waƙar ƙararraki, waƙar mafarki, waƙar launi guda, waƙar da ake rubutawa ana sauraren kiɗa, waƙar da yaro ke zama dabba ko wani abu ya yi magana da bakinsa. Akwai kuma mai ɗangwaye bibbiyu, na farko ya ce «da can», na biyu ya ce «amma yanzu», wadda ta dace da yara ƙwarai domin kowace shekara jikinsu da matsayinsu canzawa suke yi. Wata kuma ita ce «ana ganina kamar kaza, amma a gaskiya ni kaza ne».

Darasin ƙarya ya cancanci a dakata a kansa. Umarnin shi ne a sa ƙarya a kowane ɗango, ko kuma waƙar gaba ɗaya ta zama ba gaskiya ba. Koch ya lura cewa kalmar da aka ba da umarnin da ita tana da nauyi ƙwarai. Idan aka ce wa yara su rubuta «abin da suka ƙaga a zuci», sai su kawo sarakuna da aljanun littattafan yara, abubuwan da suka riga suka ji. Idan aka ce su yi ƙarya, kalmar da suka sani sarai kuma aka saba hana su, sai ido ya buɗe, domin malami da kansa ya ba da izinin abin da ake dukan mutum a kansa. Mai karatun Hausa ba zai ga baƙon abu a nan ba, tunda mai tatsuniya kan rufe da cewa ba don Gizo ba da ya yi ƙarya, wato tun asali an san cewa labari fili ne da aka keɓe wa ƙarya mai izini.

Batun kuskuren rubutu kuwa an ajiye shi gefe a lokacin ƙirƙira. An ce wa yara su rubuta kalma yadda suka ji ta, gyara ya zo daga baya. Wani kuskure ma darasi ya zama. Wani yaro ɗan aji uku ya so ya rubuta cincirindon ƙudan zuma, wanda a Ingilishi ake ce wa *swarm*, sai hannunsa ya rubuta *swan*, sunan wani farin tsuntsun ruwa mai dogon wuya, dangin dinya. Maimakon jan biro, sai malamin ya ɗauki kuskuren ya nuna wa aji kyansa, wato tsuntsu wanda jikinsa duka ƙudan zuma ne, sannan ya sa su rubuta waƙoƙin da kowane ɗango zai haɗa abu biyu da ba a saba haɗawa ba ta wannan hanya.

Ga masu Sifaniyanci an yi wani abu da ya fi haka. Koch ya zaɓi kalmomin Sifaniyanci guda 20 ya rubuta a allo, ya ce a shigar da yawancinsu cikin waƙar Ingilishi. A aji biyar, da yake Kirsimeti ya gabato, ya ce su ƙirƙiro wani sabon biki su bayyana shi da waɗannan kalmomi. A wannan darasi yaran da aka saba gani a baya su ne suka koma gaba, su ake tambaya yadda ake furta kalma da ma'anarta, harshen da suke barinsa a bakin ƙofar makaranta ya hau allo.

Bai kamata a ɗauka cewa an yi watsi da tsari gaba ɗaya ba. Yaran sun rubuta *sestina*, wani tsohon tsarin waƙar Turai mai ɗango 39, inda kalmomi shida ke jujjuyawa a ƙarshen ɗangwaye bisa ƙayyadadden jeri a baituka shida, sannan a rufe da ɗango uku. Da aka jera musu kalmomin ƙarshe a inda ya kamata, sai suka ɗauki cike sauran kamar wasan wasa ƙwaƙwalwa. A duk wannan, ajin ba ya yin shiru. Yara suna leƙa takardun juna, suna tambaya, malamin yana zagayawa yana amsawa, a ƙarshe kuma a karanta abin da aka rubuta a bainar aji tun ɗuminsa bai huce ba.

1970 zuwa 1973

A 1970 aka buga sakamakon aikin a littafi mai suna *Wishes, Lies, and Dreams*, wanda a bangonsa aka sa 'yan makarantar a matsayin abokan rubutu. Wani marubucin waƙa, Ron Padgett, ya shiga aikin ya kuma ci gaba da koyarwa a makarantar. Littafin ya yaɗu a hannun malamai a faɗin Amurka, a daidai lokacin da shirin tura marubuta makarantu ke bunƙasa da tallafin gwamnatin tarayya.

Koch ya koma ga abin da ya gagare shi da farko, wato waƙoƙin manya. A wannan karon bai tsaya ga karantawa ba, sai ya ciro daga kowace waƙa wani aiki da yaro zai iya yi da kansa. Ga waƙar William Blake da ke tambayar damisar Asiya wa ya ƙera ta, umarnin shi ne yaro ya yi magana da wata halitta mai ban mamaki, ya tambaye ta duk abin da ya so, kamar ya san harshenta na asiri. Ga wata gajerar waƙar William Carlos Williams, umarnin shi ne a nemi gafara kan laifin da mutum ke jin daɗin aikata shi a ɓoye. Yaran da suka riga suka rubuta waƙoƙi masu yawa sun tari Blake da Shakespeare da Whitman a matsayin abokan sana'a. An buga rahoton wannan mataki a 1973.

Sukar da ta biyo baya

A 1984 Myra Cohn Livingston, marubuciyar waƙoƙin yara kuma malama, ta fitar da littafin da ya soki wannan hanya. Ƙorafinta shi ne cewa tana samar da jerin ɗangwaye masu kama da juna, tana yabon duk abin da yaro ya zubo, ba ta koya masa gyara da sassaƙa magana, kuma tana kiransa marubucin waƙa tun bai san wahalar sana'ar ba. A azuzuwa da yawa kuma dabarun sun rikiɗe sun zama takardar cike gurbi, an buga kalmomin farko an ja layi, yaro ya cike ya miƙa a ba shi maki.

Abin da lamarin ya nuna

A ganina abin da aka magance a wannan makaranta shi ne tsoro. Yaran suna da abin faɗi tun kafin baƙon malami ya zo. Abin da ya yi shi ne ya gano shingaye uku, amsa-amo da kuskuren haruffa da abin koyin da ya fi ƙarfinsu, ya ɗage su ɗaya bayan ɗaya, ya sa ƙaramar doka mai kama da wasa a gurbinsu. Dokar tana da amfani domin farar takarda da umarnin «rubuta abin da ka ga dama» sun fi komai tsorata yaro. Jerin matakan ma yana da muhimmanci: waƙar Blake da ba za ta ciwu ba a makonnin farko ta ciwu bayan yaran sun saba rubutawa, domin a lokacin suna da abin da za su auna ta da shi.

Livingston tana da gaskiya a kan abin da hanyar ta zama a hannun wasu, kuma gaskiya ne cewa gyaran rubutu bai samu babban wuri a cikinta ba. Sai dai takardar cike gurbi ta ɗauki abu mafi sauƙin ɗauka ne ta bar sauran. Ta bar malamin da ke zagaya aji yana sauraro, wanda zai ga kuskuren yaro ya gane cewa darasin gobe ne. Ta bar karantawa a bainar aji. Ta bar waƙoƙin aji huɗu da ake kai wa aji ɗaya. Ta bar malamar aji da ke zaune tana koyo. Haka nan shaidar da lamarin ya bari waƙoƙin yaran ne da bayanin wanda ya koyar da su, don haka wanda zai kafa hujja da shi kan cin jarrabawa ya ɗora masa kayan da ba nasa ba.

Malamin da ke koyarwa da Hausa zai iya ɗaukar darasin ƙarya da na harshen gida kusan yadda suke, musamman a makarantun da yaro ke barin Hausarsa a ƙofa ya shiga Ingilishi ko Faransanci. Dokar hana amsa-amo ce ba zan ɗauka ido rufe ba. Kusan duk kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, saboda haka samun kalmar da za ta amsa da «a» ko «i» ba ya tsayar da yaro yadda yake tsayar da takwaransa mai Ingilishi, kuma yarinyar da ta saba waƙar gaɗa ta riga ta san daɗin ƙarshen da ke dawowa. A irin wannan aji zan raba yaran kashi biyu a mako guda, kashi ɗaya su rubuta da amsa-amo, ɗayan babu, sannan a karanta duka a gaban aji a ji wanda ya fi barin maganar yaro ta fito.